Dabino Bakwai Da Na Ajiye Wa Lawali

Lawali ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a tashar metro, jirgin ƙasa na cikin gari, zan tafi aiki. Yayarsa Nana ce ta kira daga Sevran, can gefen Paris. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Tanti, ɗanki ya rasu." Na ji kukan mata a bayanta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Metro uku suka wuce ina tsaye, ban shiga ko ɗaya ba.

Don Allah kada ku tambaye ni yadda aka yi. An same shi a ɗakinsa a Paris, iyakar abin da Nana ta faɗa ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba. Abin da na sani shi ne ya daɗe ba shi da lafiya, irin ciwon da hoton asibiti ba ya nunawa. Sauran yana wurin Allah.

Kun san ba ni da yawan rubutu a nan, daga barka da Juma'a sai barka da Sallah. Yau ku yi haƙuri da ni. Akwai abin da ya tsaya mini a ƙirji.

Ga ƴan gida da ba su san aikina ba: shekara goma sha ɗaya ke nan ina wanki da ɗinki a wata ƙungiyar hoki ta ƙanƙara a nan yankin Lyon. Wasa ne da ake sa takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, a zame a kan ƙanƙara, ana kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Ɗakina yana ƙarƙashin benen ƴan kallo. Injin wanki uku, injin busarwa biyu, keken ɗinki ɗaya, sai ni.

Nan Lawali ya same ni ranar da ya zo ƙungiyar a matsayin sabon ɗan wasa. Ina waya da ƙanwata ta Damagaram, sai na ji an ce a bayana, "Ina kwana, Tanti. Ina gajiya, ina sanyi?"

Na juya na ga ƙaton mutum ya cika ƙofa, da jaka kamar ta mai ƙaura. Na ce, "Kai ɗan wa ne?"

Ya ce iyayensa ƴan Maradi ne, shi kuwa a Sevran aka haife shi.

Na ce, "Ɗan Maradi a kan ƙanƙara? Ƙwallon ƙafa ta ƙare ne a duniya?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce suna yara aka kai su filin ƙanƙara daga lekol, wato makarantar boko, duk ajinsu babu wanda ya kai shi faɗuwa, kuma shi kaɗai ne aka fitar da shi yana kuka don ba ya son tafiya.

Hausarsa irin ta ƴaƴanmu na nan ce, rabi da rabi. Amma gaisuwa kam bai taɓa gajarta mini ita ba.

Ƴan wasan nan suna naɗe safarsu da salatif, idan sun gama su jefo mini haka nan, ni ce zan zauna ina ɓarewa da farce. Cikin mutum ashirin da wani abu, Lawali kaɗai ne yake ɓare nasa, ya juya safar, ya ninke. Ban taɓa roƙonsa ba.

Dardumarsa a ɗakina take zama, a bayan injin busarwa. Ya ce nan ne kawai wuri mai ɗumi da tsarki a ginin.

Wata safiya, bayan sun gama atisaye, ya ce ba zai yiwu ina wanke musu kaya shekara da shekaru ban taɓa taka ƙanƙarar ba. Na ce ni da girmana? Ya ɗauko kujera ya zaunar da ni, ya tura ni daga wannan raga zuwa waccan. Babu addu'ar da ban karanta ba. Da muka tsaya ya ce, "Tanti, kin kusa sauke Alƙur'ani, mu koma ki ƙarasa."

Haka yake.

Yanzu ga abin da nake son in faɗa.

Kowane ɗan wasa yana da riga biyu, ta wasan gida da ta wasan waje, sunansa a kan wani dogon ƙyalle da nake ɗinkawa a baya. Rigunan suna da tsada, ba a zubarwa. Idan za a sallami mutum, ko a tura shi aro wata ƙungiya don a sami gurbin wani, sai a farke sunansa a ɗinka na mai zuwa. Aikin yana son lokaci. Don haka manaja yakan kawo mini ƴar takarda a ninke, kwana uku ko huɗu kafin a gaya wa mai sunan. Ya ce, "Madam Hadiza, tsakaninmu."

Wato ni nake riga mutum sanin cewa an gama da shi.

A makarantar allo an koya mana cewa magana ma ajiya ce, wanda ya ba ka ita shi kaɗai ke da ikon fitar da ita. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Amma a gidanmu kuma an koya mini ba a barin matafiyi ya fita hannu sake, ko ƙanƙani ne sai an ƙulla masa guzuri. Su kuwa idan aka gaya musu, yawanci kafin in zo da safe sun kwashe kayansu, ko sallama ba ma yi.

Sai na samo wa kaina dabara. Duk wanda na ga sunansa a takarda, sai in ƙulla dabino bakwai a ƴar leda, in ajiye a kantar da ke saman mazauninsa a ɗakin canja kaya, lokacin da nake rarraba wanki. Bature ne, baƙi ne, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, duk ɗaya. In yi masa addu'ar matafiyi a zuciyata. A ganina na riƙe amana, na kuma yi sallama, ban cuci kowa ba.

Shekaru na yi ina wannan. Har ina jin daɗin kaina.

A shekararsa ta uku da mu aka buga kan Lawali da katangar fili. Ya yi makonni a ɗaki mai duhu, likita ya hana shi ko kallon waya. Da ya dawo, jikin yana nan, amma akwai abin da bai dawo ba. Yakan idar da salla ya zauna a kan darduma yana kallon injin yana juyawa. In ce, "Lafiya?" Ya ce, "Ça va, Tanti."

Sai aka fara fitar da takardar masu wasa babu sunansa. Ran wasa ya sa kwat ya zauna a bene cikin ƴan kallo. Rigarsa ta dawo mini a bushe, da ƙamshin sabulun da na wanke ta. Duk da haka nakan sake wanke ta tare da na sauran, don kada ta bambanta.

Wani lokaci a sa shi, wani lokaci a bar shi. Babu wanda yake gaya masa dalili.

Ranar wata Talata manaja ya kawo takarda. Na buɗe.

Sunan Lawali ne. Sannan na ɗauko rigarsa ta wasan waje, don ita za a fara buƙata, na sa ɗan ƙarfen farke ɗinki. Ni na ɗinka sunan nan da hannuna, na san inda na ninka zare. Na ɓoye rigar a ƙasan kwando. Washegari na ƙulla dabino bakwai, na zaɓi masu kyau, na ajiye a kantarsa.

Kwana huɗu yana shigowa salla. Da na ji takunsa sai in kunna keke, in sunkuyar da kai kamar aiki ya yi mini yawa. Yakan gaishe ni, in amsa ban ɗago ba. Ran Juma'a aka sa shi a wasan gida, ya buga. Ran Asabar da safe aka kira shi ofis.

Dardumar ma bai ɗauka ba.

Aro aka ce, zuwa wata ƙaramar ƙungiya cikin duwatsu, zai dawo idan ya warware. Bai dawo ba. Daga can aka miƙa shi wata a arewa, ita ma ba ta sabunta masa kwantiragi ba. Ya koma Paris ya kama ɗaki, don ya ce ba zai iya zama gaban Hajiyarsa tana kallonsa ba. Saƙonsa na murya da yakan kai minti biyar ya koma "Ina kwana, Tanti", ya koma ɗan hoton ɗaga hannu kawai.

Wata uku da suka wuce na je Paris sayen atamfa a unguwar Goutte d'Or. Na kira shi har sau uku kafin ya ɗauka. Muka haɗu bayan azahar a wani ɗan gidan shayi. Na taho masa da kilishin da aka aiko mini daga gida, yana cikin jakata.

Ya rame. Ƙaton nan da yake cika ƙofa, jaket ta yi masa yawa. Takalman ƙanƙararsa suna cikin jaka a gefen ƙafarsa. Ya ce kullum da safe yana zuwa filin da kowa ke biya ya shiga, yana zagayawa cikin tsofaffi da masu koyo, don kada ƙafa ta manta, ko wani zai kira.

Muka yi gaisuwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi injin nan na tsakiya mai cin safa, ko an gyara shi. Har muka yi dariya.

Sai ya juya kofinsa ya ce, "Tanti, dabino bakwai."

Na ce, "Na'am?"

Ya ce, "Duk ɗakin sun sani. Tun kafin in zo ƙungiyar sun sani. Tikitin Tanti suke ce masa."



Ya ce kowace safiya, kafin mutum ya cire jaket, sai ya miƙa hannu ya laluba kantarsa. Wasu ba sa iya dubawa, sai su ce wa na kusa ya duba musu. Akwai mai tsaron raga da ya yi shekara guda ba ya ajiye komai a kantar, don ya riƙa hangowa tun daga ƙofa.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Sun tambaye ni ma'anarsa, tunda ni ɗan ƙasarku ne. Na ce musu guzuri ne, alheri ne, a wurinmu haka ake yi wa wanda ake ƙauna. Na ce duk wanda ya yi miki maganar, ni da shi ne. Na san idan kin ji ba za ki yi barci ba."

Wato shi ya tsare ni. Ni kuma na ƙulla masa.

Ya ce, "Ran Laraba na sa hannu na ji leda. Wanda yake zama kusa da ni ya gani, ya tashi ya shiga banɗaki. Daga nan babu wanda ya sake tsokanata. Kin san ɗakin nan, idan an daina zaginka to ka mutu. Kowa ya koma yi mini magana a hankali. Ran Juma'a koci ya dafa kafaɗata ya ce da ni suka dogara. Na ce merci."

Sannan ya ce abin da har yanzu yake bin kunnena.

"Ba tafiyar ce ta fi cin raina ba, Tanti, wannan sana'ar ce. Kwana huɗun nan ne. Tun daga lokacin, idan mutum ya kyautata mini sai gabana ya faɗi, in fara tunanin me ya sani a kaina wanda ban sani ba. Ko Hajiya ta ƙara mini nama a miya sai in kalle ta."

Hannuna yana kan jakata, a kan kilishin. Ban fito da shi ba. Da shi na koma Lyon.

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Tanti. Cikin ginin nan duka ke kaɗai kika yi mini sallama. Sai dai da kin yi da baki."

Ya gaya mini ba ya barci, kansa kamar an cika shi da ruwa, wani lokaci yakan kai la'asar bai buɗe labule ba. Ya ce tun yana wurinmu abin ya fara, amma bai faɗa ba, don wanda ya karye a ƙafa ana jiransa ya warke, wanda ya ce kansa ne ba daidai ba kuwa sunansa ba ya sake fitowa a takarda.

Kun san me na ce masa? Na ce ya riƙe azkar na safe da yamma, ya yawaita hasbunallahu.

Ya ce, "Ina yi, Tanti."

Ba ƙarya na faɗa ba, kuma har gobe ina kan wannan. Amma mutum ya ce mini yana yi, ni kuma na tsaya nan. Da hannunsa ne ya kumbura da na ce tashi mu je asibiti, da na kira Nana kafin in bar unguwar. Addu'a ba ta taɓa hana ni shan maganin hawan jinina ba. Ban san me ya sa a nasa ciwon na raba su ba. Ina jin kunyata ce ta cika mini kai, ina ta lissafin fuskokin da na ajiye wa leda, har ban ji mutumin da yake gabana ba.

Ya raka ni bakin metro, ya riƙe mini ledar atamfa. Ya ce, "Ƙyallen sunana, kin jefar?"

Na ce ban taɓa jefar da na kowa ba. Suna cikin gwangwanin biskit a ƙasan keke. Sunan uba ake ɗinkawa a rigar, kuma sunan uban mutum ba abin sawa a shara ba ne.

Ya ce, "To ki ajiye mini, zan zo in karɓa. Da dardumata."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ba na cewa dabinona ne ya kai shi. Ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya. Ba na kuma zagin manaja, ba mugun mutum ba ne, shi ma akwai waɗanda yake amsa wa. Ina faɗin nawa kason ne kawai, don shi za a tambaye ni.

Tun daga ranar ban sake ƙulla dabino ba. Ba a kuma kawo mini takarda ba, sai jiya.

Jiya da yamma na karɓa, na karanta, na sa a aljihu. Niyyata in farke yau da safe, shiru, ba leda ba komai. Na ɗauka gyaran ke nan.

Da na samu na shiga metro na huɗu, na isa, na sauke rigar wanda sunansa ke takardar daga inda take rataye. Mai ita yana can kan ƙanƙara, ina jin ƙarar sandunansu ta bango. Matarsa ta haihu watan jiya, shi ya kawo mana cakulan. Na ɗauki ƙarfen, hannuna ya ƙi.

Na hau ofis. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa hawa ba sai an kira ni. Na ajiye takardar a kan tebur, na gaya wa manaja Lawali ya rasu. Ya cire tabarau.

Na ce, "Wannan kuma, ba zan farke ba sai an gaya wa mai ita."

Ya ce, "Madam Hadiza, sabon yana sauka jibi, ran Asabar akwai wasa. Ba a gama sa hannu ba, shi ya sa ba ma faɗa."

Na ce, "To idan an gama a faɗa masa, sannan a kawo mini. Ko awa biyu aka ba ni zan ɗinka, idona bai mutu ba. In kuwa ba zai yiwu ba, a kai wa wani telan. Ni dai na daina riga mutum sanin labarinsa."

Faransancina ya gudu, amma ya gane.

Ya ce zai yi magana da koci. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ban san abin da zan tarar ran Litinin ba. Na mayar da rigar na rataye da sunanta a jiki, na ɗauki abin da zan ɗauka, na fito.

Ina cikin jirgin ƙasa zuwa Paris yanzu nake rubuta wannan. Dardumar tana kan cinyata, har yanzu da ƙamshin ɗakin wanki. Ƙyallen yana ninke a cikinta, da guntayen zaren da ban tsince ba. Zan miƙa wa Hajiyarsa, kuma zan gaya mata duk abin da na gaya muku, da bakina.

Idan akwai wanda ya taɓa ce muku ba ya barci, ba ya son buɗe labule, ku yi masa addu'a, sannan ku tashi ku raka shi wurin likita. Kada ku yi irin tawa.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare Ka. Ka san nauyin da ya ɗauka wanda mu ba mu gani ba, Ka fi mu tausayinsa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi barcin da ya rasa a nan. Ka ba Hajiya da Nana haƙuri. Ka yafe mini abin da na yi da kyakkyawar niyya ya zama cuta, da abin da ya kamata in faɗa na yi shiru. An sha cire sunansa a duniya ba da saninsa ba. Ka rubuta shi cikin bayinka na Aljanna, inda ba a farke sunan kowa.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, don Allah ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya kira sunansa a cikin addu'a. Lawali. Ya ambace shi da baki.